Hannun Mutaru da Famfon Choggu

Wannan giɓin da kuke gani a bakina ba tsufa ne ya kawo shi ba, kuma ban yi dambe da kowa ba. Aikin Mutaru ne. Shekaru sun ja, amma duk ranar da na zauna cin nama tsoka ta maƙale a wurin, sai na ambaci sunansa, kuma ba da alheri ba. Ni ne Sidiki tela, na unguwar Choggu a nan Tamale. Ku matso kusa, don labarin ba ya son a yi ta cewa “me ka ce?”

Mutaru maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu. Ya yi kudu neman abinci, ya shekara shida ba labari, ya bar matarsa Azeta da ’ya’ya biyu. Ana gab da samun mulkin kai sai ga shi ya diro daga lori, da akwatin ƙarfe a ka, da wata hula mai dogon baki irin na agwagwa. Ya ce daga Amurka yake.

“Amurka ta ina?” muka tambaya.

“Ta can ciki,” in ji shi. “Ko na faɗa muku ba ku san wurin ba.”

“Wane aiki ka yi a can?”

Ya gyara zama a kan bencin shagona, ya tura goro gefen kumatu. “Besbol. Wasan ƙwallo ne na manya, jifa ake yi ana duka da sanda. Ni kuwa mai jifan ceto ne. Akwai mai jifa na fari, shi ne ɗan wahala. Tun farkon wasa yana jifa, rana tana gasa shi. Ni ina inuwa, ƙafa ɗaya kan ɗaya. Sai an zo ƙarshe, abu ya lalace, mai jifa ya galabaita, mata sun fara kuka, sannan a aiko mini. In tashi, in gyara hula, in yi jifa uku, a watse.”

Na ce, “To in abu bai lalace ba fa?”

“Sai in tafi gida in ci tuwo. Aikin ke nan.”

Da yake duk Choggu babu wanda ya taɓa jin sunan wasan, babu mai ƙaryata shi. Muka riƙa kiransa Mai Ceto, shi kuma yana amsawa da ɗaga hula.

Mutum ɗaya ne kawai Mutaru ba ya yi wa wannan hira: surukinsa, uban Azeta, Mba Imoru maƙerin unguwar Nyohini. Tsoho ne mai ƙirar ƙarfi, shekara arba’in yana ɗaga guduma, ga zuciya kusa. Kun san al’adarmu, mutum ba ya tsayawa ƙiƙam a gaban surukinsa. Takalmi za ka tuɓe, ka tsuguna, ka dubi ƙasa, duk abin da ya ce ka amsa da “naa, naa.” To na Mutaru ya wuce haka. Ko ƙarar maƙera ya jiyo daga nesa sai ya sake hanya. Mu a lokacin mun ɗauka ladabi ne ya yi masa yawa.

Yanzu bari in gaya muku abin da ke damun Choggu a shekarun nan: ruwa. Ba mu da famfo. Da rani ya shigo rijiyoyi su ƙafe, matanmu su kama hanyar dam, tafiya mai nisa, su ɗebo ruwa mai kalar koko, kurkunu yana kwantar da mutane gida gida. Azeta sau uku take zuwa a yini. Na sha ganinta ta sauke tulu ta zauna a dakali tana murza wuya, ba ta ko iya amsa gaisuwa. Abin yana ba ni tausayi ƙwarai.

Bayan mulkin kai da ’yan watanni aka kawo wani malamin makaranta, baƙar fata, ɗan Amurka na gaske. Sunansa ya gagari harshenmu, muka sa masa Ticha Haruna. Ya zo da sanduna biyu, da ƙwallaye masu tauri kamar dutse, da safar hannu ta fata guda uku. Ranar da Mutaru ya ji labarin, zazzaɓi ya kama shi kwana biyu. A rana ta uku ya gano Ticha ba ya jin Hausa, ba ya jin Dagbanci, kuma duk unguwar shi kaɗai ne mai ɗan guntun Turanci. Nan take ya warke, ya zama tafinta. In Ticha ya yi magana mai tsawo, sai Mutaru ya juyo ya ce mana, “Cewa ya yi ya san sunana tun a can.”

Ticha ya koya wa samarin Choggu da na Nyohini wasan. Ba shi da wuya. Mai jifa yana tsakiyar fili, mai duka yana riƙe da sanda, mai cafe yana tsugune a bayansa. In an jefo ƙwallo daidai sau uku bai daka ba, ya mutu. In an jefo ta a karkace sau huɗu, ko aka same shi a jiki, sai ya tafi tasha ta farko a ɓagas. Tashoshi uku ne, buhunan yashi muka aje, wanda ya zagaye su ya dawo gida ya ci ɗaya. In mutum uku suka mutu sai a yi musaya, masu duka su koma jifa.

Ana haka sai Alhaji Abdulgafaru mai lorin goro ya yi niyyar ja wa unguwa ɗaya famfo saboda Allah. Uwarsa ’yar Choggu ce, ubansa ɗan Nyohini, kowane ɓangare ya aika masa dattawa. Da ya rasa wanda zai ɓata wa rai, sai ya ce to a buga wasan Ticha ranar shida ga Maris, ranar da Ghana za ta cika shekara ɗaya. Unguwar da ta ci, famfo nata ne.

Kai, ranar Choggu ta ɗauki guɗa! Mata suka cika ƙofar gidan Mutaru, Mma Sala mai koko, shugabar matan unguwa, tana gaba.

“Ku je ku fasa tulunanku,” in ji Mutaru. “Famfo ya riga ya zo. Ina gama da Nyohini zan tara ’yan wasa na ƙasa gaba ɗaya, mu sauka Ankara babban birnin ƙasa, daga nan sai jirgin sama.”

Aka raba aiki. Mai jifa na fari Tahidu ne, manomi, wanda ya tashi yana korar tsuntsaye a gonar dawa da dutse. Shi kam gwani ne, yana iya tsinko mangwaro ɗaya a tsakiyar goma. Ni aka ba cafe, wai idon da ke ganin kafar allura ba zai rasa ƙwallo ba. Mutaru kuwa ya sa aka kafa masa rumfa a gefen fili, da kujerar kwance. Na ɗinka masa riga da buhun fulawa, ya ce in rubuta lamba ɗari a baya, don ita ce babba.

Sati biyu muna gumi yana kishingiɗe. Rannan Mma Sala ta zo wucewa ta tsaya.

“Mai Ceto, mu fa ba mu taɓa ganin jifan nan ba. Ɗan nuna mana ko guda, zuciyarmu ta kwanta.”

“Mma, ba a buɗe irin wannan hannu a banza.”

“Ba a banza ba ne. Kokona kake sha kullum.”

Mutane suka taru, ba hanyar zillewa. Ya tashi, ya gyara hula, ya tofa yawu, ya ɗaga ƙafa ɗaya sama har wandonsa ya yi ƙara, ya wurga. Ƙarfi kam akwai, ba zan yi masa ƙarya ba. Ƙwallon ta bi ta hagu, nesa da ni kamar taku goma, ta sami zabuwar Mma Sala da ke kiwonta ba ruwanta da kowa. Ko shurawa ba ta yi ba.

“Zabuwata!” in ji Mma Sala.

“Ita na nufa,” in ji Mutaru. “A can da abu mai rai ake gwada hannu. Ku yi maza ku yanka kafin ta zama mushe.”

Jifa na biyu ya bi ta dama. Zalia matar ladan tana dawowa daga dam da tulu a ka, sai ji muka yi fus! Ruwan da ta sha wuya ta ɗebo ya sauko mata har ƙafa, ta tsaya da gammo a ka tana salati.

“Ba na ce ku fasa tuluna ba?” in ji Mutaru. “Na fara muku.”

Na uku shi ne nawa. Na ɗaga safar fata ina jira a sama, ƙwallon ta daki ƙasa, ta yi tsalle, ta same ni a baki. Da na farfaɗo, na ga Mutaru tsaye a kaina yana nuna wa jama’a haƙorina a tafin hannu.

“Kun gani? Wannan fa ɗan unguwarmu ne, na sassauta masa. To ina ga ɗan Nyohini?”

Wallahi maimakon a kama shi, tafi aka yi. Labari ya kai Nyohini kafin la’asar, wai Choggu suna da mutumin da ke kashe dabba da ƙwallo, yana cire haƙori daga nesa.

Daga ranar hannun ya zama sarki. Aka shafe shi da man kaɗe, aka naɗe da zane, aka rataye masa a wuya. Ba ya ɗaukar ko buta. Matan unguwa suna aiko da fura, da ƙwan zabi, da tuwon zafi da miyar ayoyo. Azeta ta dawo daga dam ta sauke tulu, ta zauna tana ba ƙato abinci a baki.

Rannan da hantsi ina ɗinki, sai na jiyo su ta katanga.

“Maigida, tsakaninka da Allah, ka iya jifan nan?”

“Wace irin tambaya ce wannan?”

“Tambayar mai ciwon wuya ce. Matan unguwa duk ni suke kallo.”

Ya rage murya. “Ke dai ki yi addu’a kada Tahidu ya gaji. In bai gaji ba, ba za a kira ni ba. Mai ceton da ba a kira ba, ai shi ne bai taɓa kuskure ba.”

Allura ta soke ni a yatsa. Na so in fita in tara jama’a, sai na tuna Tahidu ba ya gajiya, mutumin da ke yini a gona da azumi a baki. Na ce bari in rufa wa Azeta asiri. Wannan shirun da na yi, har yau ina jin haushin kaina.

Da Mutaru ya bar abin haka, da mun sha ruwan famfo. Amma ina! Tsoron kada Tahidu ya gaji ya hana shi sukuni. Safiyar wasa ya kira shi rumfa, ya miƙa masa ƙwarya cike.

“Mene ne wannan?” in ji Tahidu.

“Abin shan ’yan wasan Amurka. Ɗanyen ƙwan zabi shida, man kaɗe, tsamiya, da ɗan kanwa. In ka shanye, sai ka yi jifa har gobe.”

“Warinsa fa?”

“Warin ƙarfi ne. Toshe hanci.”

Bawan Allah ya toshe hanci ya shanye tas.

Filin makaranta ya cika maƙil. Tutoci masu baƙin tauraro ko’ina, makaɗa da kalangu, masu waake, wato shinkafa da wake, da masu ƙosai sun jera. Alhaji Abdulgafaru yana zaune da dattawa a ƙarƙashin darbejiya, Mba Imoru yana cikinsu da batakarinsa, wato rigar saƙin nan tamu. Ticha Haruna ne alƙali, ya tsaya a bayana. Saboda zafin rana aka ce zagaye biyar za a yi, wato kowane ɓangare ya yi duka sau biyar.

Tahidu ya yi abin kirki. Ƙwallonsa tana shigowa hannuna kamar an aiko ta da saƙo. Aka shiga zagayen ƙarshe muna da biyar, Nyohini suna da uku, su ne da duka. Ya kashe na farko. Ya kashe na biyu. Saura mutum ɗaya famfo ya zama namu. Matan Choggu har sun fara ɗaura ɗankwali a ƙugu.

Sai na ga Tahidu ya tsaya cak. Ya dafe ciki. Ya dube ni, ya dubi sama, ya aje ƙwallo a ƙasa a hankali kamar ƙwai, ya ɗiba a guje ya nufi bayan makaranta yana riƙe da mazugin wando. Muka jira. Aka aika a duba shi, ɗan aike ya dawo ya ce Tahidu ya ce a gaida jama’a, shi da fitowa sai dai gobe.

Wata murya ta ce, “Mai Ceto!” Fili gaba ɗaya ya ɗauka. “Mai Ceto! Mai Ceto!”

Na je rumfa na same shi ya rufe fuska da hula, wai barci yake.

“Tashi, abu ya lalace.”

“Bai lalace sosai ba. A ƙara jira.”

“Mata sun fara kuka. Kai ka ce in sun fara a kira ka.”

Mma Sala da kanta ta warware masa zanen hannu. Makaɗa suka raka shi har tsakiyar fili.

Mai duka na farko bai ko motsa ba. Ƙwallo ɗaya ta faɗa cikin makaɗa, ɗaya ta kifar da tiren ƙosai, ɗaya ta wuce ta saman Ticha, ɗaya kuwa baya ta yi, ban san yadda aka yi ba. Mutumin ya taka zuwa tasha ta farko yana dariya. Na biyu ya juya zai kauce, ta same shi a ɗuwawu, ya tafi yana ɗingishi yana zagi. Na uku ya kwanta rub da ciki tun kafin a jefo, aka yi huɗu a karkace, ya tashi ya kakkaɓe riga ya wuce. Tashoshi uku duk sun cika. Duka ɗaya mai kyau, mun kaɗe.

“Dabara ce!” Mutaru ya ɗaga murya. “Tara su nake yi wuri ɗaya!”

Sai dai tsoro ya yi mana aiki. Wanda layi ya zo kansa a Nyohini ya ce shi aurensa saura sati, ba zai shiga ɗakin amarya da giɓi ba. Na bayansa ma ya noƙe. Ana cikin wannan ja-in-ja sai Mba Imoru ya miƙe daga cikin dattawa, ya tuɓe batakari ya ninke, ya tako ya ɗauki sanda. Ticha ya ce doka ta yarda a yi canji.

Mutaru na ganinsa ya zame takalmi, ya cire hula, ya zube a tsugune a tsakiyar fili.

“Baba, barka da rana.”

“Ina gida?”

“Naa.”

“Ina yara?”

“Naa.”

“Ina hannu?”

“Naa, naa.”

Ticha yana ta ɗaga hannu a yi jifa, Mutaru ko ɗago kai bai yi ba. Daga cikin mata sai muka ji muryar Azeta, wadda ba ta taɓa kiran sunan mijinta a bainar jama’a ba.

“Mutaru! Tashi ka jefa! Ubana ne, na yafe!”

Tsohon ya gyara riƙon sanda, ya yi magana ƙasa ƙasa ba tare da ya waiwayo ni ba. “Tela, je ka gaya wa sakaran nan ya miƙo ta a hankali. Ba zan ɗaga sandar nan ba. Nyohini muna da rijiya ɗaya da ba ta ƙafewa. Wuyan ’yata ya isa haka.”

Har ƙwalla ta zo mini. Na ruga na raɗa wa Mutaru.

“Ba zan iya tsayawa a gabansa ba,” in ji shi.

“To jefa a tsugune! Wa ya hana?”

Haka ya yi. Yana tsugune, kai a sunkuye, hannun hagu yana tallafe da na dama kamar mai miƙa wa babba goro, ya lillo ƙwallon a hankali. Jama’a, tun da aka haifi Mutaru bai taɓa jifa ya tafi inda aka nufa ba sai ranar. Ta taho salun alun, ta bi ta gaban tsohon, ta sauka a hannuna. Ticha ya sosa ƙeya, ya ɗaga yatsa ɗaya.

“Mba, daka mana!” in ji mutanen Nyohini. Tsoho ya yi kamar bai ji ba.

Ta biyu ma haka. Ticha ya ɗaga yatsa biyu. Choggu ta rikice da guɗa, na hango Azeta ta rufe fuska da mayafi tana kuka. Saura ɗaya tak.

A nan makaɗa suka yi mana illa. Suka rugo cikin fili suka kewaye Mutaru, suka saka masa kalangu a kunne, suna kirarin kakanninsa har da waɗanda bai taɓa ji ba. Ina kallo kansa yana kumbura. Na ɗaga masa hannu, na girgiza kai, na nuna masa giɓina ko zai tuna Allah. A banza. Ya miƙe tsaye. Ya zura takalmi, ya kafa hula, a gaban surukinsa!

“Jama’ar Tamale!” in ji shi. “Kun ga jifan da ake kira kashe-jiki. Mutum yana ganin ƙwallo, hannunsa ya ƙi tashi. A Amurka na sandarar da ƙattin da suka ninka wannan, balle tsohon maƙeri da ƙarfinsa ya riga ya ƙare!”

Kalangu ya yi shiru. Na ji numfashin tsohon ya sauya, jijiyar wuyansa ta miƙe.

“Mba,” na ce, “don Allah, don Azeta.”

Bai ko ji ni ba. Ya buɗe murya yadda har masu ƙosai suka ji.

“Wace Amurka? Ta bayan kicin ɗin masu jirgin ruwa a Takoradi, nan kudancin ƙasarmu, inda na same ka kana yankan albasa? In Turawan sun fito bakin teku suna wasan nan, ba kai ke shiga ciyawa kana tsinto musu ƙwallo ba? Hular nan ba a kwandon shara ka ɗauka ba, a gabana? Shekara biyu na riƙe bakina saboda ’yata. Jefo!”

Mutaru ya cire hula. Ya koma tsugune, ya ce “naa,” ya lillo ta uku daidai inda ya lillo na baya.

Na taɓa jin aradu, amma ban taɓa jin ƙara irin ta sandar nan ba. Ƙwallon ta tashi ta wuce darbejiya, ta wuce rufin makaranta, har yau ba a gan ta ba, ko da yake akwai masu cewa an tsince ta a wata gona can unguwar Kukuo. Mutum uku suka shigo gida a guje. Tsohon kuwa bai yi gudu ba. Takawa ya yi daga tasha zuwa tasha, kowane ɗan wasanmu yana tsugunawa yana gaishe shi. Bakwai da biyar.

Da ya iso gida ya aje sanda, ya dubi inda ’yarsa take, sai na ga fushin ya zube masa gaba ɗaya. Ya ɗauki batakarinsa ya tafi, bai tsaya karɓar gaisuwar kowa ba.

Mutaru ya so sulalewa ta bayan rumfa, ya tarar matan Choggu sun riga shi. Ba wadda ta taɓa shi. Kewaye shi kawai suka yi, suka zuba masa ido.

“Iska ce ta sauya,” in ji shi. “A can in iska ta...”

“A Takoradi?” in ji Mma Sala. “Zabuwata ɗaya. Tulun Zalia. Haƙorin tela. Cikin Tahidu. Ƙwai kuwa ba a magana. Duk mun yafe. Amma hannun nan mu muka yi kiwonsa wata guda, kuma sai ya yi mana aiki.”

Aka kafa famfo a Nyohini. Matan can suka yi mana kara, suka ce in sun gama ɗiba Choggu ta zo ta ɗiba. Ya fi dam tsabta, amma tafiyar tana nan. Sati bai cika ba sai ga aike daga maƙera: garwa biyu sababbi, an yi musu marataya, da sandar saɓawa a kafaɗa. Saƙon da ya biyo su gajere ne. A ba mijin Azeta.

Mma Sala ta sa aka ciro rumfar nan daga filin makaranta aka kafa ta a rabin hanyar Nyohini. A nan Mutaru yake zama da rigarsa mai lamba ɗari, bayan ya cika randunan gidansa. Duk matar da ta taho da ruwa ta ji wuyanta ya gaza, sai ta tsaya ta ƙwala kira, “Mai Ceto!” Ya tashi, ya gyara hula, ya juye ruwan a garwa, ya kai mata har gida. Bambancin kawai, a wannan aikin kullum abu a lalace yake, tun safe har yamma. Shekara huɗu yana yi kafin famfo ya iso Choggu.

Azeta dai tun daga ranar ba ta sake ɗora tulu a ka ba. Kujerar kwancen ma ita ta gaje ta, tana zama a ƙofar gida da yamma tana tsince shinkafa. In ya shigo yana haki, sai ta ce, “Sannu, Maigida. A zuba a randar ciki.”

Kada ku ɗauka ya daina. Rannan ya sauke garwa a ƙofar shagona yana sharce gumi, ya tarar da wani baƙo ya kawo ɗinki. Ya dube shi sama da ƙasa, ya tura goro gefen kumatu.

“Ka ga hannun nan? Sau biyu a jere na jefa wa maƙerin Nyohini ƙwallo, ya kasa ko motsi. Tambayi tela, shi ya cafe.”

Baƙon ya juyo gare ni. “Gaskiya ne?”

“Gaskiya ne,” na ce. “Tambaye shi ta uku.”

Mutaru ya saɓi garwarsa. “Ana kirana,” in ji shi.